DARASIN LAFIYA: YADDA YABON MUTANE KE JUYA ƘWAƘWALWARKA

Darasin yau a kan ƙwaƙwalwa ne, da yadda bakin mutane ke koya mata abin da za ta so. A daure a karanta har ƙarshe, musamman iyaye.

*1. YADDA ƘWAƘWALWA KE KOYO*

Ɗan uwa, a cikin ƙwaƙwalwarka akwai wani sinadari da ake kira dopamin. Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya yi shekaru yana gwaji da birai, yana ɗiga musu ruwan 'ya'yan itace yana auna ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin. A 1997 shi da abokan aikinsa suka fitar da bayanin da har yau ake aiki da shi: idan abin da ka samu ya fi wanda ka zata, ƙwayoyin sai su zabura. Idan daidai da zatonka ne, ba sa wani motsi. Idan ka sa rai ba ka samu ba, sai su yi sanyi. Da haka ƙwaƙwalwa ke yanke cewa "wannan a maimaita, wancan a bari."

*2. YABO MA BIYA NE*

A 2008 a ƙasar Japan, Keise Izuma da abokansa suka sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Wani lokaci su ci kuɗi a wasa, wani lokaci a nuna musu cewa wasu sun yabi halinsu. Sashen da ya motsa don kuɗi shi ne ya motsa don yabo. Ka ga ke nan "kai, ka burge ni" a wajen ƙwaƙwalwa tamkar an damƙa maka kuɗi ne. Duk abin da ka yi aka yaba maka, tana ajiye shi a jerin abin maimaitawa, ba ruwanta da ko yana da amfani ga jikinka.

*3. WAYA TA ƘARA WA ABIN GUDU*

A 2009 Facebook ya kawo maɓallin layik, yabo ya zama abin ƙirgawa. A 2016 a wata jami'a da ke Los Anjalas a Amurka, an gwada matasa 32. Da suka ga hotunansu da layik mai yawa, sashen nan na lada ya motsa sosai. Kuma sun fi danna wa hoton da suka ga jama'a sun riga sun danna wa. Tunda ba ka san nawa za ka samu yau ba, shi ya sa hannu ke ta komawa kan waya.

*4. IDON ABOKAI*

A jami'ar Temple, ita ma a Amurka, an ba matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, aka fitar da sakamakon a 2011. Matasan sun fi kutsa kai su wuce fitilar hanya idan sun san abokansu na kallo, alhali abokan ba su zuga su ba. Manya kuwa kallon bai canja tuƙinsu ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

*5. INA RUWAN WANNAN DA LAFIYARKA?*

▪️ 'Yar uwa ta shafa man bilicin, ƙawaye suka ce "wai, kin yi haske!" Shi ke nan ƙwaƙwalwa ta karɓi biya. Mayukan nan kuwa wasu na ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, wasu na sa fata ta yi siriri ta tsattsage. Yabon yau take ji, cutar sai bayan watanni ko shekaru, shi ya sa yabon ke rinjaye.

▪️ Yaro a majalisa aka miƙa masa ƙwaya, ya haɗiye aka ce "namiji." Da yawa kalmar nan suka fara bi kafin ƙwayar ta kama su.

▪️ Ka ga haɗin magani an tura shi guruf-guruf, kowa na cewa "na gwada." Yawan masu yabo ba ya nuna ingancin magani. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda shaidar guruf.

*6. ABIN YI*

✅ Kafin ka yanke shawara kan jikinka ko kuɗinka, tambayi kanka: da babu wanda zai gani, zan yi? Idan amsar a'a ce, dakata.

✅ Kada ka yanke magana mai nauyi a tsakiyar taro. Ka ce "bari in kwana a kai."

✅ Kashe ƙarar sanarwar layik a wayarka, ka ware lokacin dubawa.

✅ Zaɓi waɗanda kake zama da su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

✅ Iyaye, ku lura da abin da kuke yabawa. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure aiki mai wuya a kan waɗanda aka ce musu "kai haziƙi ne." Ku yabi gaskiyar yaro da haƙurinsa tun a gida. Wanda bai ji yabo a gida ba, zai je nemansa a bakin titi.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. A tura wa 'yan uwa, musamman masu 'ya'ya matasa.