Darasi Na 12: Lambar Da Ta Gagari Rabo

Karanta wannan bayani da kyau, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Idan aka ba ka lemo 12, za ka iya raba wa mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, ba tare da saura ba. Amma idan lemo 13 ne, sai dai mutum 1 ya kwashe duka, ko mutum 13 su ɗauki ɗaya-ɗaya. Lambar da ta fi 1, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, ita za mu kira gagara-rabo. Misalanta su ne 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

A watan Oktoba na 2024, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya yi amfani da dubban kwamfutoci ya gano gagara-rabo wadda ta fi duk waɗanda aka sani girma a lokacin. Ga yadda ake samun ta: a jera 2 har guda 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Amsar tana da alƙaluma 41,024,320. Da za a buga ta a littafi, kowane shafi da alƙaluma 3,000, sai ta ci shafi fiye da 13,000.

Sai dai ka kula, wannan hanya ba kullum take ba da gagara-rabo ba. Idan ka ninka 2 guda 5 ka cire 1, za ka sami 31, wadda ba ta rabuwa. Amma 2 guda 11 na ba da 2,047, wato 23 sau 89. Saboda haka dole a gwada kowace lamba.

Ko da ba ka iya rubuta wannan babbar lamba ba, kana iya sanin halinta. Dubi 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Alƙaluman ƙarshe suna zagayawa ne huɗu-huɗu: 2, 4, 8, 6. Idan ka raba 136,279,841 da 4, saura 1, wato an tsaya a kan 2. Cire 1, ka ga lambar ta ƙare da 1 ke nan.

Manyan gagara-rabo masu ɗaruruwan alƙaluma suna cikin abubuwan da ake kulle saƙonnin banki da su a intanet, domin ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga amsar yana da matuƙar wuya.

Sababbin Kalmomi
alƙalami: a nan, kowace alama daga 0 zuwa 9
gagara: fi ƙarfin mutum
saura: abin da ya rage bayan rabo

Tambayoyi
1. Mece ce gagara-rabo?
2. Me ya sa 2,047 ba gagara-rabo ba ce?
3. Ninka 2 guda 7, ka cire 1. Shin amsar tana rabuwa?
4. Yi jimla biyu da kalmar "gagara".