Kafin Ku Hau Babur Ɗin Ruwa

 'Ya'yana samarin Gombe, mu fara da abin da duk muka sani game da kanmu: mu mutanen tudu ne. Yaron Jekadafari ko Bolari ko Pantami yakan iya tuƙa babur tun ƙafarsa ba ta gama kaiwa ƙasa ba, amma kaɗan ne a cikinmu suka iya iyo. Ruwan da muka saba da shi bai wuce na famfo da na 'yan garuwa ba, sai wanda ke cika kwari da damina ya wuce. Babban ruwanmu yana Dadin Kowa, kimanin kilomita 37 daga gari a kan hanyar Biu, inda aka tare Kogin Gongola aka kammala dam a 1984. Daga can ake turo mana abin da muke sha, kuma can kuke tafiya yawon Sallah.

Na lura da yadda bidiyon babur ɗin ruwa ya shiga ranku. Kuna ganinsa a TikTok, a tafkin Jabi na Abuja, a ruwan Legas, a Dubai. Wasunku karatu ko bautar ƙasa ko kasuwanci zai kai su inda ake ba da hayarsa. Ba zan ce kada ku hau ba. Nishaɗi ne, kuma ƙuruciya tana da haƙƙinta. So nake ku hau kuna sane da abin da kuka hau.

Sunan Jet Ski da kowa ke kiransa da shi na kamfanin Kawasaki ne, wanda ya fito da nasa a 1973. Yamaha na kiran nasa WaveRunner, na ƙasar Kanada kuma Sea-Doo. Duk aikinsu iri ɗaya ne. A ƙarƙashinsa akwai kafar da ke zuƙar ruwa, a ciki akwai farfela, ita ke tunkuɗa ruwan da ƙarfi ya fita ta wani bututu a baya. Idan ka murɗa kan babur ɗin, bututun nan ne ke juyawa. Ƙarfin ruwan da ke fita shi ne tafiyarka, kuma shi ne kwanarka.

A nan ne iya babur zai iya cutar da ku, don haka ku saurara da kyau. Wanda ya saba da titin Gombe, idan akuya ko Keke NAPEP ta faɗo masa, hannunsa da kansa yake sakin totur, ya taka birki, ya kauce. Wannan ɗabi'a ta zauna a jikinsa, ba sai ya yi tunani ba. A kan ruwa kuwa, da zarar ka saki totur, ruwan da ke fita ta baya ya mutu, kwana ta tafi tare da shi. Za ka murɗa kai iya ƙarfinka, babur ɗin ya ci gaba da zamewa sak zuwa abin da kake gudu. Idan kana son kaucewa, sai ka riƙe totur kana murɗawa. Yawancin tsofaffin ƙira ba su da birki ko kaɗan. Sababbin da ke da shi ma ba sa tsayawa cak kamar a kan kwalta. Ga gudu: manyan cikinsu sukan haura kilomita 100 a awa, kuma a irin wannan gudu ruwa ba ya karɓar jikin mutum da laushi. Don haka mintunan farko ku ba su ga koyo, a fili, nesa da kowa, a hankali, har hannu ya yarda da sabuwar ƙa'ida.

Akwai wata 'yar igiya da ake maƙala wa makunnin inji, ɗaya bakin a ɗaura a wuyan hannu ko a jikin riga. Idan ka faɗi, sai ta fizge, inji ya mutu. Kada ku naɗe ta a kan babur ɗin don ta dame ku. Wanda ya yi haka ya faɗa ruwa, babur zai tafi ya bar shi, ko ya je ya sami wani.

Sai rigar kariya, wadda ke hana mutum nitsewa. Na san samari ba sa sonta, wai tana ɓata hoto. 'Ya'yana, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ko gwanin iyo, idan ya bugu ya suma, iyawarsa ba ta da amfani a wannan lokaci, rigar ce za ta riƙe shi a sama har a zo. Ku ɗaure dukkan maɗauranta, ku sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura haɓa ta kai kunne, ta yi muku yawa, ku nemi wata. Kada a hau da jallabiya ko kaftani, domin tufa mai yalwa idan ta jiƙe nauyi take yi, ta naɗe ƙafa. A sa wando mai kauri da ya kama jiki, musamman wanda aka goya, saboda idan ya zame ta baya yana iya faɗawa daidai bakin bututun, kuma ƙarfin ruwan nan yana yi wa mutum mummunan rauni a ciki. Wannan magana ba ta tsaya ga babur ɗin ruwa ba. Kwale-kwalen da kuke shiga ku cika maƙil ranar Sallah ya fi ba ni tsoro. Ba mu manta da Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi, aka rasa fiye da 20. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Neja ta wajen Patigi, suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. Idan mai jirgi ya ce akwai sauran wuri alhali bakin jirgin ya kusa shan ruwa, ku jira sahu na gaba.

Kowane ruwa yana da masu shi. A Dadin Kowa akwai masunta da ragarsu a shimfiɗe, abincin iyalinsu ke nan, farfela kuma ba ta san raga ba. Akwai dorina, manoman yankin Hinna sun daɗe suna kuka da ita. Akwai kusa da bangon dam inda ruwa ke da ja. Wanda ya kwana ya tashi a bakin ruwan ya san duk wannan. Ku yi masa sallama, ku gaishe shi, ku tambaye shi ina ne ba a zuwa.

To, mu zo kan kyamara, tunda na san rabin daɗin a wurinku shi ne a gani. Ƙananan nan irin GoPro da DJI Osmo Action da Insta360 an yi su ne don a ɗaura, ba don a riƙe ba. A ɗaura a ƙirji ko a jikin babur, a kunna tun ana bakin gaɓa, a manta da ita. Hannu biyu na tuƙi ne. Ku sani kuma, ruwa ba ya shigarta amma tana nitsewa, don haka a sa mata abin da zai sa ta taso.

Memori shi ne inda na ga yara da yawa sun yi asara. Saurayi ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi kyamara mai tsada, sannan ya zare tsohon memorin da ake tura masa fina-finai a ciki ya cusa mata. Ko ya tsaya a teburin bakin hanya ya zaɓi mafi araha. Kallon fim karantawa ne kawai, kowane memori zai iya. Ɗaukar bidiyo kuwa rubutu ne ba tsayawa, kuma kyamara ba ta jira. Idan memorin ya gaza, sai ɗauka ta katse, ko kyamarar ta daskare, ko ka dawo gida bidiyon ya ƙi buɗewa.

Ku ɗauki ɗan memorin, bai kai farcen ɗan yatsa ba, ku kai shi wajen haske. Babbar lambar da aka buga a kwalinsa gudun karantawa ce, ba ita kuke nema ba. Ku nemi V30, ko harafin U da lamba 3 a cikinsa. Ma'anarsu ita ce memorin ba zai yi ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa ba wajen rubutu, kuma wannan ya ishi bidiyon 4K. Wanda ke da lamba 10 kaɗai a cikin da'ira, alkawarinsa megabait 10 ne, ya yi kaɗan. A1 da A2 kuma maganar manhajojin waya ce. Game da girma, 4K mai inganci yakan ci wajen giga 45 a awa, wato mai giga 64 zai ba ku awa ɗaya da 'yan mintuna. A ganina gara guda biyu matsakaita da ƙato guda ɗaya. Idan kyamara ta tafi ƙasan ruwa da yamma, aikin safe yana cikin jaka a tudu.

Jabu ya cika kasuwa, kuma sunayen da aka fi yarda da su, irin SanDisk da Samsung, su aka fi kwaikwaya. Za a rubuta 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba, kamar mudun da aka dankwafe wa gindi. Waya ma za ta nuna maka 128, domin an shirya shi ya yi ƙarya. Sai ya cika, sabuwar ɗauka ta riƙa hawa kan tsohuwa, ko ta tafi a banza, kai kuwa ba ka sani ba. Ku saya a shagon da gobe za ku tarar da mai shi, ku karɓi rasit. Kafin ranar tafiya ku gwada shi: a kwamfuta akwai manhajar H2testw ta kyauta da ke cika shi ta auna gaskiyarsa. In babu, ku cika shi da manyan bidiyo, ku buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Daga nan ku yi masa fomatin a cikin kyamarar kanta. Kada ku buɗe murfin kyamara tana jiƙe, kuma ku duba robar bakin murfin kafin ku rufe, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ba ruwa hanya. Da kun dawo gida, ku kwafe komai zuwa wani wuri kafin barci.

Abu ɗaya ya rage. Bakin ruwa wurin sana'a ne da rayuwar mutane. Akwai mata masu wanki, akwai yara masu wanka, akwai dattijon da ke gyaran ragarsa. Kyamarar nan idonta faɗi gare shi, tana kwaso abin da ba ku nufa ba. Ku nemi izini kafin ku ɗauka, kuma kafin ku ɗora a intanet ku sake kallo tun daga farko, ku yanke duk inda matar wani ko 'yar wani ta fito ba da saninta ba.