Fentin ɗakin hoto na neman raba ni da abokina

Ni ɗalibi ne a Azhar, ina zaune a Hayyin Ashir, nan Alƙahira. Ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka mai da ɗaki guda a gidan da muke haya wurin ɗaukar hoto, saboda 'yan'uwa masu sabunta iƙama da masu suna da walima. Kyamarar tawa ce, Malam, da gumina na saye ta. Na je hutu gida, ina dawowa na tarar ya shafe ɗakin da koren fenti mai sheƙi, ko waya bai yi min ba. Yanzu duk wanda na ɗauka sai fuskarsa ta fito kamar mai jinya. Wata baiwar Allah ta dawo min da hotunan sunan ɗanta, ta ce na dusashe ta. Shi kuwa yana bin mutane yana cewa wai ni ne ban iya aiki ba. Ni da na koya masa riƙon kyamara! Har yau bai ce min in yi haƙuri ba. Wane fenti zan sa da zai riƙa haska mutane su yi fari, ya gane wanda ya iya?

Ɗan'uwanku a Hayyin Ashir

To, ƙanena. Ba ka faɗi girman ɗakin ba, ba ka ce yana da taga ko da wace fitila kake aiki ba, amma koren nan kaɗai ya isa. Haske idan ya bugi bango da launin bangon yake dawowa, kuma a ƙaramin ɗaki bango na dab da mutum, sai koren ya sauka a goshi da kumatu da ƙarƙashin haɓa. Sheƙin ya ƙara dagula lamarin. Ba hannunka ba ne.

Tambayarka ta ƙarshe ce ta ɓata min rai. Baiwar Allahn nan ba fari ta nema ba, kamanninta take so. Tun shekarun 1950, hoton farar mace da ake kira katin Shirley shi ne ma'aunin Kodak na daidaita launi a wuraren wanke hoto, sai a shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa da baƙar mace. Mun daɗe ana auna fatarmu da ma'aunin wasu, kai ma da kanka za ka ci gaba? Haba, ɗalibin ilimi!

Ka sa toka-toka tsaka-tsaki marar sheƙi, wanda bai karkata ga shuɗi ko rawaya ba. A shagon fenti ka ce "ramadi, bilastik mat". Ka kankare sheƙin, ka fara shafa fari kada koren ya leƙo, rufin ɗakin kuma ka bar shi fari don ya dawo maka da haske mai laushi. Kafin ka shafe ɗakin duka, gwada a gefe guda ka ɗauki mutum da rana da dare.

Hoton iƙama farin baya yake so, farin yadi ya wadatar. Masu suna kuwa, je Wikalatul Balah a Bulaƙ ka yanko yadudduka, ka rataya ka sauke yadda ka ga dama. Seydou Keita da ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, mayafin gadonsa ya fara ratayawa a bayan mutane, kuma yau gidajen tarihi na duniya ke adana hotunansa.

Abokinka ya yi kuskure da bai shawarce ka ba. Ku zauna gaban wani babba cikin ɗalibai, ku rubuta abin da kowa ya zuba da wanda ke yanke shawara kan kaya, ku raba kuɗin fentin. Kuma ku nemi izinin mai gidan kafin buroshi ya sake taɓa bangonsa. Mai hotunan sunan nan, kira ta ka sake ɗaukarta kyauta.