DARASI NA 14: TSOHON TEBUR NA INDIYA, DA YADDA AKE GANE SHI

Jama'a, Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Wanda ya ba da kuɗinsa bai duba kaya ba, shi ya so. Yau za mu karanta labarin tsofaffin tebura na ƙasar Indiya. Za mu ga inda ake yin su, da itacen da ake yin su da shi, da yadda mai saye zai bambanta tsoho da sabo. Dabarun nan ba na tebur kaɗai ba ne. Wanda ya koye su, ya iya duba akushi, ko turmi, ko ƙyaure.

1. Asalin tebur a Indiya

A da, yawancin mutanen Indiya a ƙasa suke zama, kamar mu. Teburinsu gajere ne ƙwarai, tsawon ƙafafunsa bai fi taƙi guda ba. Suna kiransa cauki, waɗansu kuma su ce bajot. A kansa ake ɗora abinci, ko littafi, ko kayan ibada.

A shekarar 1498 jiragen ruwan mutanen Fotugal suka isa garin Kalikut, a bakin tekun Indiya. Bayansu mutanen Holan da na Ingila suka zo. Su kuwa Turawa a kan kujera suke zama, saboda haka suna bukatar dogon tebur. Sai suka riƙa sa masassaƙan Indiya suna yi musu. Siffar tebur ta Turai ce, amma ado na Indiya ne. Ingilishi sun mallaki ƙasar har 1947. A zamaninsu aka kwashi irin waɗannan tebura da yawa zuwa Ingila da sauran ƙasashe.

2. Itatuwa

Itace na farko sunansa tik. Launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan haske. Yana da mai a jikinsa, don haka gara ba ta cika cinsa ba, ruwa kuma ba ya saurin ruɓar da shi.

Na biyu shisham. Yana da nauyi da tauri, da zane-zane masu duhu a cikinsa. Yana da wani ɗan'uwa a kudancin ƙasar, wanda ya fi shi duhu, har ya yi kusa da baƙi.

Na uku walnat, wanda ke fitowa a ƙasar Kashmir mai duwatsu da sanyi. Yana da daɗin sassaƙa.

Na huɗu itacen mangwaro, wannan da kuka sani. Ya fi sauran araha, kuma ƙwari suna sonsa. Ana yin sababbin tebura da yawa da shi, a shafa masa launi ya yi kama da shisham.

3. Kowane gari da aikinsa

Kun san wanda ya ƙware, da ya ga tukunya ko tabarma sai ya faɗi garin da aka yi ta. To, haka teburin Indiya yake.

Mutanen Hoshiyarfur, a jihar Funjab, sun shahara da ƙaramin tebur mai kusurwa 8. Ƙafafunsa allunan katako ne, ana ninke su a ajiye. Sukan ƙwaƙule katakon, su dasa ƙananan fararen gutsattsari a ciki, su fito da hoton ganye da fure. An yi irinsa da yawa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Mutanen Maisur, a kudu, su ma suna dashe a cikin baƙin itace.

Mutanen Saharanfur gwanaye ne wajen sassaƙa ganye da huda katako ya zama kamar raga.

A Bombai, wadda aka sake wa suna Mumbai a 1995, an yi manyan tebura na baƙin itace a ƙarni na 19. Sassaƙa ta rufe su tun daga sama har ƙafa.

Garin Jodfur kuwa ya yi suna wajen yin sababbin kaya masu kama da tsofaffi. Wani lokaci akan ɗauki ƙyauren tsohon gida, a yi masa ƙafafu, ya zama tebur. Wannan ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Amma ku lura: ƙyauren tsoho ne, teburin kuwa sabo.

4. Abubuwa shida da za ka duba

Na ɗaya, kifa teburin. Fuska ta mai sayarwa ce, ƙarƙashi na mai saye. Ƙarƙashin tsohon tebur ya yi duhu a hankali saboda ƙura da shekaru. Na sabo kuwa fari ne, ko kuwa an shafa masa launi, har ka ga sawun burushi. Ka sunsuna. In ka ji ƙanshin fenti ko manne, aikin bai daɗe ba.

Na biyu, duba sawun zarto. Zarton hannu yakan bar sawu miƙaƙƙe, amma ba daidai da juna ba. Zarton inji mai zagaye yakan bar sawu tanƙwararre, kamar jinjirin wata.

Na uku, duba ƙusa. Tsofaffin masassaƙa sukan haɗa katako da katako ta hanyar rami da harshe, su buga turken itace. In sun sa ƙusa, ta maƙeri ce, ba biyu da suka zama ɗaya. Sukuru mai tsaga biyu a kai, ɗaya ta gitta ɗaya, bai yaɗu ba sai bayan 1930. In ka gan shi, ko tebur sabo ne, ko an yi masa gyara.

Na huɗu, ɗauki awo. Katako yana tsukewa in ya daɗe, amma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Saboda haka kan tebur da aka yanka kewayayye, bayan shekaru da yawa ba zai zauna daidai ba. Auna shi da zare ta nan, ka auna ta can. In tsoho ne, sau da yawa za ka sami ɗan bambanci.

Na biyar, duba inda ya ci. Tebur yana cinyewa inda hannu ke taɓawa, da inda ƙafafu ke gogar ƙasa. In ka ga ƙwarzane ko'ina daidai wa daida, har inda hannu ba ya kaiwa, to, da gangan aka yi.

Na shida, duba ramin ƙwaro. Ƙwaro ba ya tafiya sosai, karkacewa yake yi. Zura tsinke. In ya shige zar, mai yiwuwa mutum ne ya huda. In kuwa ka ga sabon garin itace yana zuba, ƙwaron yana nan da rai. Kada ka kai shi ɗakinka, ya shiga sauran kayanka.

Shaida ɗaya ba ta isa ba. Sai ka haɗa uku ko huɗu tukuna.

5. Haure, ko ƙashi, ko roba?

Fararen gutsattsarin nan iri uku ne. A da ana yin su da hauren giwa, ko da ƙashi. Yanzu kuwa da farar roba ake yi. Haure yana da siraran layuka masu gitta juna, kamar saƙar raga, kuma yakan koma ruwan ɗorawa-ɗorawa in ya tsufa. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Roba kuwa sumul take, ba layi, ba ɗigo. Waɗansu sukan gwada da allura mai zafi. Kada ka yi haka, ɓata kayan mutane ne.

6. Doka

A 1972 gwamnatin Indiya ta kafa doka a kan kayan tarihi. Abin gwaninta da ya kai shekara 100 ya shiga cikinta. Ba mai ikon fitar da shi daga ƙasar sai gwamnati, ko wanda ta ba izini. To, a ce wani ya ce maka, "Wannan tebur shekararsa 200, watan jiya aka kawo shi daga Indiya." Ɗayan biyu ke nan: ko ƙarya yake yi, ko an keta doka. Ko wanne ne, kuɗinka yana cikin hatsari.

Haure ma yana da doka. Ƙasashen duniya sun hana cinikin hauren giwar Asiya a tsakaninsu tun 1975. A 1989 suka yarda a hana na giwar Afirka. Mai ƙetare iyaka da tebur mai haure ba takarda, ma'aikatan kwastan suna iya ƙwacewa.

Nijeriya ma tana da dokar 1979 mai tsare kayan tarihinta. Saboda haka in baƙo ya zo yana neman tsohon abin da kuka gada, kada ku yi gaggawa. Ku sanar da dagaci tukuna.

7. Wurin ciniki

Je da rana, kada ka saya da dare. Tambayi mai kaya inda ya samo shi, da gyaran da aka yi masa. Matambayi ba ya ɓata. In kun daidaita, ka ce ya rubuta maka rasit, ya sa irin itacen, da shekarun da ya faɗa, da kuɗin, ya sa hannu. Ka karanta da kanka kafin ka biya. Mai gaskiya ba ya gudun alƙalami. Ga amfanin karatu ke nan.

Sabon tebur ba abin ƙi ba ne. Abin ƙi shi ne ka biya kuɗin tsoho, a ba ka sabo.

Tambayoyi

1. Don me teburin mutanen Indiya na da yake gajere?
2. Wane gari ne ya shahara da tebur mai kusurwa 8?
3. Yaya za ka bambanta haure da ƙashi?
4. An yi wani tebur a 1890. Shekararsa nawa a 1972?

Aiki

Kowa ya duba wani tsohon abu na itace a gidansa. Ya rubuta layi uku a kan inda ya ci, da dalilin cinsa. Ya kawo wa malam ranar darasi mai zuwa.