Ɗacin Itace da Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Adawlato ko lungunan Zango a Lome ya san masu sayar da saiwoyi da sassaƙe da busassun ganyaye: ɓawon maɗaci, tazargade, da ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Idan damina ta kankama, zazzaɓi ya yawaita, wurinsu mutane da dama kan fara zuwa. Wannan ɗabi'a tana da tushe, domin manyan magunguna biyu da aka fi dogara da su wajen yaƙar zazzaɓin cizon sauro, daga tsirrai aka samo su. Wannan darasi zai bayyana yadda suke aiki a cikin jini, da dalilin da ya sa jiƙon gida ba ya maye gurbin maganin da aka auna.

Yadda ƙwayar cutar take rayuwa

Sauro ɗan aike ne kawai. Abin da ke kawo ciwon wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, mai suna Plasmodium, wadda macen sauro ke zubawa a jikin mutum yayin cizo. Nau'inta da ake kira falsifarum shi ne ya fi yawa a Togo da Benin da Gana da Nijar da Nijeriya, kuma shi ne ya fi kisa.

Da ta shiga jiki, hanta take fara sauka. Takan yi kamar mako guda a can tana hayayyafa, mutum yana harkokinsa bai ji komai ba. Daga nan sai ta fantsama cikin jini, ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyinsa. Duk bayan kwana biyu takan fasa ƙwayar jinin da ta shiga, 'ya'yanta su fito su kama wasu. Wannan fashewa ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki da ciwon kai, ita ce kuma ke ƙarar da jinin yara har tafin hannunsu ya yi fari.

Abincinta shi ne hemogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Idan ta ci shi, akwai saura mai ɗauke da ƙarfe da ke rage mata, wanda guba ne a gare ta. Domin ta tsira, sai ta dunƙule wannan saura ta mayar da shi wasu baƙaƙen tsakuwoyi marasa cutarwa. A nan lagonta yake, kuma nan ne magungunan tsirrai suke kama ta.

Kwinin, ɗan ɓawon itace

A tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, akwai wani itace mai suna sinkona. Tun ƙarni na 17 ake kai ɓawonsa Turai ana dakawa ana ba masu zazzaɓi. Wani ɓawon yakan yi aiki, wani ba ya yi, saboda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. A shekarar 1820 wasu masana harhaɗa magunguna biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware ainihin sinadarin da ke aikin, wato kwinin. Daga ranar aka samu damar auna shi, a san adadin da ya dace da babba da wanda ya dace da yaro.

Kwinin yana taruwa a inda ƙwayar cutar ke narkar da abincinta, ya hana ta dunƙule gubar nan. Gubar sai ta taru a cikinta har ta halaka. Kulorokwin, wanda aka ƙera a ɗakin bincike bisa wannan tafarki, haka shi ma yake aiki. Ya yi shekaru yana ceton rayuka, har ƙwayar cutar ta koyi fitar da shi daga jikinta, ƙasashen yankinmu suka daina amfani da shi a kan falsifarum.

Atemisinin, ɗan ganye

Magani na biyu daga ƙasar Sin ya fito, daga wani tsiro dangin tazargade mai suna Artemisia annua. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon maganin zazzaɓi, kuma cikin masu binciken akwai wata mata mai suna Tu Yuyu. Ta lura cewa wani tsohon littafin likitancin ƙasarsu ya yi umarni a jiƙa ganyen a matse ruwansa, bai ce a tafasa ba. Sai ta tatsi sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki. A 1972 aka ware atemisinin tsantsa, a 2015 kuma aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Atemisinin kamar tarko yake a ɗane. Yana yawo cikin jini, amma sai ya haɗu da ƙarfen nan da ke cikin ƙwayar cutar yake fashewa, ya lalata kayan cikinta. Ke nan abincin da ta ci shi ne ke tayar da abin da zai kashe ta. Saboda haka yake da sauri, mara lafiya yakan ji sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai dai ba ya daɗewa a jiki. Cikin 'yan sa'o'i ya fita, alhali akwai sauran ƙwayoyin cuta a ɓoye. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa, kamar lumefantirin ko amodiyakwin, domin ya share ragowar. Wannan haɗi ne ake kira CTA a Togo da Benin da Nijar, ACT kuma a Gana da Nijeriya. Kwana 3 ake shan sa. Wanda ya ji sauƙi a rana ta biyu ya ajiye sauran ƙwayoyin domin wani lokaci, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

To, itatuwanmu na gida fa?

Suna ɗauke da sinadarai na gaske. A dogon yaro akwai gedunin, wanda aka ga yana kashe ƙwayar cutar a ɗakin bincike. A Gana, cibiyar binciken magungunan tsirrai da ke Mampong-Akuapem ta daɗe tana aiki a kan saiwar da ake kira nibima. Amma abin da ya kashe ƙwaya a cikin kwalba bai zama lallai ya isa jinin mutum da ƙarfin da ake buƙata ba.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin muhimmancin awo. Mai atamfa ba ya yanka yadi da ƙiyasi, mai hatsi ba ya sayarwa ba mudu. Jiƙo kuwa ba shi da mudu. Yawan sinadarin da ke cikin ganye yana sauyawa gwargwadon irin shuka da ƙasar da ya tsiro da lokacin tsinka da yadda aka shanya shi. Atemisinin ma ba ya narkewa sosai a ruwa. Idan abin da aka sha ya yi kaɗan, zafin jiki na iya sauka alhali cutar tana nan, ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne masu taurin kai. Idan ya yi yawa, hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin. Wannan ne ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan shan shayin Artemisia a matsayin magani ko rigakafin wannan zazzaɓi. An riga an ga ƙwayar cutar da ta fara jure wa atemisinin a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. Fatake da direbobi suna tsallaka iyakokin Aflawo da Hilakonji da Sinkase kullum, cuta kuma ba ta neman takardar wucewa.

Abin da ya kamata kowane gida ya riƙe

Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. A yi gwajin jini tukuna. Ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa, sakamako kuma yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20.

Idan gwaji ya nuna cutar, a sha haɗin maganin har ya ƙare, bisa nauyi ko shekarun mara lafiya. Mai lumefantirin ya fi shiga jiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo.

A sayi magani a kantin magani mai lasisi ko a asibiti, ba a kan tire ko cikin mota ba. Jabun magunguna sun yi yawa har shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka taru a nan Lome a watan Janairun 2020 domin yaƙar su.

Mai juna biyu da jariri kada a ba su jiƙo ko dauri domin zazzaɓi. Wanda ya riga ya sha wani abu na gargajiya ya gaya wa ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba.

Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya suma, ko idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi baƙi, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Irin wannan allurar atesunet yake buƙata, ita ma daga wancan ganye na ƙasar Sin asalinta yake.

Kowa ya kwana cikin gidan sauro, a gida ko a masauƙi, mai tafiya fatauci kuma ya sa nasa cikin kaya kafin ya kama hanya.