Baƙo da Mai Masauki: Yadda Ƙaramar Na'ura Ke Gabatar da Kanta ga Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa soka filash ko linzami a jikin kwamfuta ya lura cewa kafin ya janye hannunsa ta riga ta gane abin da aka kawo mata. To, da me ta gane? Kwamfuta dai ba ta da idon da za ta leƙa ramin USB. Gaskiyar al'amari ita ce, na'urar ce ke faɗa mata ko ita wace ce, ita kuwa ta yarda. Manhajar da ke wannan bayani a madadin na'ura ita ake kira direba, ko da yake a ganina da tafinta aka kira ta da sunan ya fi dacewa.

Tsarin USB ya fito ne a watan Janairu na 1996, bayan da kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da IBM da Microsoft, suka haɗa kai don a daina ware wa kowace na'ura irin nata ramin. A cikin igiyarsa ta asali wayoyi huɗu ne: biyu na ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu kuma, masu suna D+ da D-, na ɗaukar saƙo.

Bari mu ɗauki misali daga ɗakin gwaji. A ce ɗalibai suna son lura da zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda ake so ya tsaya wajen digiri 37.5 har tsawon kwana 21. Sai su haɗa ma'aunin zafi da ɗan allon nan Raspberry Pi Pico, wanda ya shigo kasuwa a 2021 a kan dala 4. A tsakiyar allon an dasa wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna RP2040. Irin waɗannan ƙwaƙwale da ake dasawa cikin kayan aiki ba su da allon kallo, aiki ɗaya ko biyu suka sani. Kafin ta iya aika wa kwamfuta awon zafin, dole a tsara mata direba.

Dokar farko ita ce, kwamfuta ce mai masauki, na'ura kuwa baƙuwa, kuma a wannan gida baƙo ba ya magana sai an tambaye shi. Abin da kawai aka yarje masa shi ne sallama, ita ma ba da baki ba. Na'urar na jona wayar D+ da wutar bolt 3.3 ta hanyar rizisto mai om 1,500. Da kwamfuta ta ji wutar wannan waya ta ɗaga, sai ta san an yi baƙo mai gudun megabit 12 a daƙiƙa. Da wayar D- aka ɗaga, da ta san mai tafiyar hawainiya ne, watau megabit 1.5. Saboda haka mai tsara direba ba ya barin a yi sallamar nan sai komai ya kintsa, musamman agogon ciki. Sashen USB na RP2040 yana bukatar bugu miliyan 48 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ba ta yarda kuskuren gudun ya wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba. In agogo ya karkace, sai maganar ta zama gwalan-gwalan.

Bayan sallama, kwamfuta na mayar da na'urar matakin farko, sannan ta kira ta da adireshi mai lamba 0, wanda shi ne na kowane sabon zuwa. Sai ta nemi takardar shaida. Wannan takarda bayit 18 ce kacal, amma a cikinta akwai lambar kamfanin da ya ƙera na'urar, da lambar samfurinta, da girman ƙunshin saƙon da za ta iya karɓa a lokaci guda, wanda kan zama bayit 8, 16, 32 ko 64. Daga nan sai a ba ta adireshinta na kanta, tsakanin 1 da 127.

A nan akwai wani tarko da ke kama masu koyo. Ba a yarda na'ura ta koma sabon adireshin nan take ba. Sai ta fara amsa "na ji" da tsohuwar lambar, watau 0, tukuna ta sauya. In direba ya yi azarɓaɓi ya sauya tun kafin amsar, kwamfuta za ta yi ta jira a ƙofar da babu kowa, daga bisani ta rubuta cewa ba ta gane na'urar ba. Allon lafiyarsa ƙalau, igiya ma haka, layi ɗaya ne na manhaja ya riga lokacinsa.

Sai takarda ta biyu, wadda ta fi tsawo. A cikinta na'ura ke faɗar yawan wutar da za ta sha. Kafin a amince da ita ba ta da izinin wuce miliyamfa 100, bayan haka kuma iyakarta 500 a ƙa'idar USB 2.0 ta shekarar 2000. Har ila yau tana lissafa ƙofofinta, watau wuraren shiga da fitar saƙo, da irin jigilar da kowace ke yi: akwai ta kaya masu yawa kamar na filash, akwai ta ɗan saƙo mai bukatar a riƙa duba shi a kai a kai kamar motsin linzami, akwai ta sauti da hoto da ba ta jure jinkiri.

Abu mafi muhimmanci a takardar shi ne rukuni. Idan na'ura ta ce ita 'yar rukunin allon rubutu ce, ko na ma'ajiya, kwamfuta na da nata direban a shirye, ba sai an rubuta sabo ba. Ɗalibanmu masu ƙyanƙyasa sai su zaɓi rukunin CDC, wanda ke sa allon ya bayyana tamkar tsohuwar kafar aika rubutu. Linux na ba ta suna ttyACM0, Windows 10 ma na karɓarta kai tsaye. Ba kuma sai sun fara daga tushe ba, domin akwai tarin manhaja na kyauta mai suna TinyUSB da ke zuwa tare da kayan aikin Pico. Nasu shi ne cika takardun daidai, da rubuta ɗan sashen da ke miƙa awon zafi.

Masu nazarin halittu ba za su ga baƙon abu a nan ba. Garkuwar jikinmu ma da alamomin da ke bayan ƙwayar halitta take rarrabe ɗan gida da bare. Shi ya sa ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ke wahalar da ita: kafin jiki ya gama shirya makamin da ya dace da rigarta, ta sauya wata. A 2014, a taron Black Hat na birnin Las Vegas a Amurka, Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna cewa filash ma na iya wannan dabara. Suka sauya manhajar 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, sai ya gabatar da kansa a matsayin allon rubutu, ya shiga buga wa kwamfuta umarni kamar mutum ne zaune. Manhajar kashe bairos ba ta ga komai ba, don fayiloli take bincike, cutar kuwa ba a fayil take ba. Makarantar da ke da kwamfuta ɗaya mai ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai, kowa kuma na soka mata filash ɗinsa, ya kamata ta yi wa wannan batu karatun ta-natsu.

Malamai na iya nuna wa aji takardar shaidar ido da ido. A kwamfuta mai Linux, a rubuta umarnin lsusb, za a ga kowace na'ura da lambobinta biyu. Idan Pico aka soka, lambar kamfanin za ta fito 2e8a, allunan Arduino kuwa galibi 2341. Sai a ƙara -v a gaban umarnin, a sa ɗalibai su nemo girman ƙunshin saƙo, da rukuni, da yawan wutar da linzamin ajin ya ce zai sha, su kwatanta da na filash.