Asuwaki da Buroshin Lantarki: Hukuncinsa da Yadda Ake Zaɓensa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya tsarki ya zama ƙofar salla. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan tsabtar baki ne. Abin da ya jawo shi kuwa wani kaya ne da ya fara yawaita a kantunan birane, watau buroshin goge baki mai aiki da batir, musamman irin wanda ake kira sonik. Jama'a sun rabu biyu a kansa. Waɗansu na ganin wanda ya saye shi ya saki sunna ya kama al'adar Turawa, waɗansu kuma na ganin tun da na'ura ta zo, itacen asuwaki ya zama kayan tsofaffi da almajirai. Ba za a gane inda gaskiya take ba sai an koma ga abin da shari'a ta nema tun farko.

Kalmar siwaki a harshen Larabci tana ɗaukar ma'ana biyu. Ana faɗinta ga itacen da ake gogawa da shi, ana kuma faɗinta ga aikin gogewar kansa, domin asalinta daga cuɗawa ne. Wannan ɗan bayani na lugga shi ne ginshiƙin mas'alar duka. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wajabta musu asuwaki. Nasa'i ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, hadisin da ya bayyana dalili, cewa asuwaki yana tsarkake baki kuma yana jawo yardar Ubangiji. Ita ce kuma ta faɗa cewa in ya shigo gida da asuwaki yake farawa. Huzaifa ya shaida cewa in ya tashi da dare sai ya cuɗa bakinsa da shi. Har a rashin lafiyarsa ta ajali, da Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo riƙe da ɗanyen asuwaki, Manzon Allah ya bi shi da kallo, sai Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi. Abin da mutum ya nema a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

A mazhabar Malikiyya asuwaki yana cikin mustahabban alwala, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Ahalari da Ishmawi. Sai dai akwai wurin da ake yawan wucewa da sauri alhali ya kamata a tsaya. Mai Risala ya ce wanda ya goge da yatsarsa ya kyauta, Shaihu Halil kuma a Muhtasar ya ƙidaya asuwaki cikin mustahabbai ko da da yatsa aka yi shi. To, in har yatsa tana iya tsayawa a matsayin itace ga wanda bai samu ba, babu yadda za a ce kayan da ya fi yatsa fitar da dauɗa nesa ba kusa ba ya gaza. Malaman Shafi'iyya ma sun bayyana cewa ana samun asalin sunnar da duk wani abu mai kaushi da ke kawar da dattin haƙori. Saboda haka mai goge baki da buroshi, na hannu ko na lantarki, in ya yi niyyar bin umarnin tsabtace baki, ana fatan ya sami ladan aikin. Kiran wannan kaya bidi'a kuskure ne, gama bidi'a a cikin ibada take, shi kuwa buroshi kayan aiki ne kamar buta da sabulu.

Amma malaman nan da suka yi sauƙi, su ne kuma suka jera itatuwa daraja-daraja, suka sa itacen araki a gaba, sa'an nan zarɓar dabino, sa'an nan zaitun. Sun kuma ƙi a yi da itacen rumman da na raihani. Araki ne Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau domin ya ciro wa Manzon Allah, a ranar nan da sahabbai suka yi dariyar sirantakar ƙwaurinsa. Wanda ya yi da araki ya haɗa aikin da kuma koyi da ainihin abin da Annabi ya riƙe da hannunsa, wannan kuwa falala ce da na'ura ba ta da ita.

Shi buroshin lantarki ba jiya aka fara shi ba. A ƙasar Suwizalan wani mutum mai suna Philippe Woog ya ƙera na farko da ya sami karɓuwa a 1954, ana kiransa Broxodent. Irin na sonik kuwa ya fito kasuwa a Amurka a 1992 da sunan Sonicare, kamfanin Philips ya saye shi a 2000. Yadda yake aiki shi ne, wata 'yar na'ura a cikin mariƙinsa tana kaɗa gashin kan gefe da gefe kamar sau 31,000 a minti guda, alhali hannun mutum ba ya wuce 'yan ɗaruruwa. An ba shi sunan sonik ne domin saurin kaɗawar ya kai yadda kunne ke jin sautinsa kamar kukan zuma. Akwai wani iri dabam mai ɗan ƙaramin kai zagayayye da ke juyawa dama da hagu, wanda kamfanin Oral-B ya shahara da shi.

Abin da ake yaƙa da duk waɗannan kayayyaki shi ne wata dauɗa mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke shimfiɗawa a kan haƙori, musamman a gindinsa inda ya haɗu da dasashi. In mutum ya sha shayi mai sukari ko ya ci alewa, ƙwayoyin nan sai su mai da sukarin tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. In aka bar dauɗar kwanaki sai ta daskare ta zama kamar tsatsa, wadda buroshi ba ya iya ɓanɓarewa sai likitan haƙori. Daga nan ne kumburin dasashi da zubar jini da warin baki suke farawa, kuma mai warin baki yana cutar da wanda ke gefensa a sahu ko da bai sani ba. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje fiye da 50, ta iske bayan wata uku na amfani buroshin lantarki ya fi na hannu rage wannan dauɗa da kimanin kashi 21 cikin ɗari, kumburin dasashi kuma da kashi 11. Fifiko ne na gaskiya, amma bai kai abin da masu talla ke kururutawa ba, kuma mafi yawan shaidar da aka tara a kan mai juyawa take. Wanda ya iya gogewa da buroshin hannu yadda ya kamata bai yi asara ba. Masu fi amfana da na lantarki su ne tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi da waɗanda hannunsu ya yi rauni bayan shanyewar ɓarin jiki, da kuma masu gaggawa da ba sa iya cika minti biyu.

In mutum ya yi niyyar saye, abin da zai fara tambaya shi ne ko ana samun kan buroshin na canji a garinsu, da nawa ake sayar da shi. Ana sauya kan bayan kowane wata uku, don haka na'urar da ba a samun kanta sai an yi aike ƙasar waje, kwana kaɗan za ta koma kayan wasan yara. Gashin ya zama mai laushi, kan kuma ƙarami yadda zai kai ga matauna na can ciki. A nemi mai agogon minti biyu wanda ke yin alama bayan kowace daƙiƙa 30 domin a koma wani sashen baki, da mai gargaɗi in an danna da ƙarfi, gama dannawa da ƙarfi tana janye dasashi ta bar gindin haƙori a waje. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, batirin da ke kai mako biyu ko fiye da caji ɗaya ya fi dacewa, haka ma wanda ake cajinsa da waya irin ta salula. Wanda aka kawo masa tsaraba daga Amurka ya karanta rubutun cajar tukuna, domin waɗansu an yi su ne don wuta mai ƙarfin 110, ta Nijeriya da Nijar kuwa ta ninka haka. Sauran ƙyale-ƙyale, irin haɗa buroshi da wayar hannu da fitilu kala-kala, kuɗi ne kawai suke ƙarawa, kuma magidancin da bai cika haƙƙin cefanen iyalinsa ba, sayen irin wannan almubazzaranci ne a gare shi. Iyali na iya tarayya a mariƙi ɗaya, amma lalle kowa ya riƙe nasa kan.

Akwai masu ƙyamar gashin buroshi saboda sun ji cewa da gashin alade ake yi. A da can haka ne a ƙasar Sin da Turai, amma tun 1938 aka fara yin sa da zaren nailan, kuma shi ne a kan na lantarki. Ko a da ɗin ma, Malikawa suna ganin gashin da aka aske daga dabba mai tsarki ne, har na alade.

Wajen amfani, ba a cuɗawa da shi kamar na hannu. Ana ɗora gashin a karkace a gindin haƙori, a bar na'ura ta yi aikinta, a riƙa matsawa a hankali daga haƙori zuwa haƙori, waje da ciki da saman matauna. A fara da ɓangaren dama kamar yadda malamai suka so a asuwaki. Sau biyu a yini ya isa, ɗaya daga ciki kafin barci, da makilin mai sinadarin fuloraid. Likitoci suna son a tofar da kumfa kada a kuskure baki nan take, saboda haka mai son yin alwala ya gabatar da ita ko ya ɗan jinkirta. In dasashi ya yi jini alwala ba ta warware ba a wurin Malikawa, sai dai jinin da ya ƙi tsayawa bayan mako biyu na gogewa sosai yana bukatar ganin likita.

A nan ne kuma za a ga inda araki ya gagari na'ura. Shari'a ta so a tsabtace baki a kowace alwala da kowace salla, da lokacin karatun Alƙur'ani, da tashi daga barci, da duk sa'ad da baki ya canja. Ba wanda zai fito da buroshi mai ƙara da kumfa a ƙofar masallaci sau biyar a yini, araki kuwa a aljihu yake kwana, ba ya neman caji ko makilin. Mai buroshin sonik ya riƙe shi don safe da dare, ya bar wa asuwaki sauran yini, yana yanke bakinsa in ya tsufa, yana kuma wanke shi.

Saura hukuncin mai azumi. Malikawa sun halatta masa asuwaki dukan yini da busasshen itace, Shafi'iyya kuwa sun karhanta bayan zawali. Ɗanyen itacen da wani abu ke narkewa daga jikinsa makaruhi ne, kuma in wani abu ya rinjayi mutum ya wuce maƙogwaro a azumin farilla, sai ya rama wannan yini. Makilin ya fi ɗanyen itace ɗanɗano da narkewa, kaɗawar sonik kuma tana tayar da kumfa da yawu fiye da buroshin hannu, saboda haka hatsarin ya fi kusa. Mai azumi ya goge da na'urarsa bayan sahur kafin alfijir ya keto, ya sake bayan sallar asham, da rana kuwa busasshen araki ya wadatar da shi. Allah ne Mafi sani.